Awartakin da Na Sayo a Kasuwar Shinkafi

Abubuwa da yawa na samartakata sun shige mini duhu yanzu, amma ba zan taɓa mantawa da shekarar da na naɗa kaina mai gyaran bindiga ba. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda ya roƙe ni. Ni na ga dama, ni na ɗora wa kaina.

A lokacin ina da ɗan shagon sayar da kaset a Kaura Namoda, kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan unguwar aka haife ni, a nan na girma, kuma gidanmu ko akuya ba a taɓa ɗaurewa ba. Mahaifina tela ne. Abin da na sani game da shanu bai wuce nama da nono ba.

Son bindiga ya kama ni ne tun ranar da aka yi murnar samun sabuwar jiharmu. 'Yan bindiga suka fito da bindigogin toka suna ta bugawa sama (a wancan zamani in an ce 'yan bindiga, tsofaffin nan masu buga ta a taro ake nufi, ba abin da kalmar ta koma yau ba). Ƙarar ta shige mini ƙirji, warin albarushi ya cika mini hanci, na ga yadda mutane ke darewa suna ba su hanya. Tun daga ranar duk inda na ga maharbi sai na bi shi da tambaya. Ban taɓa harba ko ɗaya ba, amma na haddace sunayen sassanta, kunama da ƙota da sauransu, ina jefa su cikin hira kamar wanda ya gada.

Da aka ƙaddamar da shari'a sai kasuwata ta kwanta. Na kwashe kaset ɗin waƙoƙi na cusa ƙarƙashin gado, na jera na wa'azi, na zauna ina kallon hanya. A cikin wannan zaman ne Allah ya haɗa ni da Hajara, 'yar Zurmi da ke zaune gidan gwaggonta a Kaura tana karatu. Magana ta yi nisa har aka ba ni izinin zuwa gaida mahaifinta, Baba Nomau.

Baba Nomau dattijo ne dogo, manomi mai shanun huɗa da ɗan garke, kuma a ƙuruciyarsa ya yi farauta. Ina shiga zaurensa idona ya sauka kan bindigar toka a jingine a kusurwa, baƙa, doguwa, an naɗe ƙotarta da fata. Gaisuwar ma da ƙyar na ƙarasa ta.

Ya lura da inda nake kallo, ya ce, "Tsohuwa ta. Kunamarta ta saki, rawa takai. Ga shi auren Sanusi ya matso, kuma bana babu kiɗa. Na so in buga ta ko sau guda bayan an shafa fatiha, gari ya san na yi wa ɗana aure."

Sanusi yayan Hajara ne. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne. Ni nan ina gyaran bindiga."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, ɗan Kaura? Ba kaset anka ce kana saidawa ba?"

"Kaset na rana ne, Baba. Wannan kuwa abin da nake so ne."

Ya ce to madalla, amma bindigarsa ba ta barin zaurensa, sai dai in zo da kayan aikina. Na ce ai dama haka ƙwararru ke yi. Na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai da motar ta kama hanyar Kaura na tuna cewa kayan aikin da na mallaka duka duniya biro ne da nake juya zaren kaset da shi.

To amma kada ku ce na tsorata. Wallahi daɗi na ji. Na ga kaina gaban jama'ar Zurmi, bindiga ta tashi da ƙara, Baba Nomau na nuna ni yana cewa surukina ne, Hajara na leƙe ta katanga. Da wannan mafarkin na shiga haɗa kaya.

Na fara da abin kwance ƙusa mai kai. Muna yara mukan ɗora ƙusa a kan layin dogo jirgi ya bi ta kai ya baje ta, sai na ce ga dabara. Na sayi manyan ƙusoshi na jera su a kan layin, na koma shago ina kasa kunne. Abin da na manta shi ne jirgin a wancan zamanin sai ya ga dama yake zuwa. Na jira har ƙusoshin suka fara tsatsa. Ƙarshe na ɗebo su na samu dutse na dinga bugu da kaina, na baje bakin ɗaya, na baje babban yatsana tare da ita. Ban damu ba. Duk wanda ya tambaye ni me ya sami yatsan sai in ce, "Aikin ƙarfe ne," in yi shiru irin na manya.

Sandar goge cikin bututun bindiga kuwa daga lemar Inna na zare ta (har ta rasu tana zargin yaran maƙwabta, Allah ya jiƙanta). Na ari magagari wajen mai gyaran keke. Na tsiyayi man keken ɗinkin mahaifina a 'yar kwalba. Na sa aka ɗinka mini jaka mai aljifai daga ragowar yadin kaki, kowane ƙarfe da gidansa. Kullum da safe sai na baje su a kan teburin shago in yi ta kallo.

Abu ɗaya ya rage. Na taɓa ganin maƙeri yana damƙe ƙarfe da awartaki kafin ya yi masa aiki, kuma na yanke wa kaina hukuncin cewa babu mai gyaran bindiga na gaske da ba shi da abin damƙewa. Na zaga Kaura ban ga wanda ya cika mini ido ba, duk ƙanana ne baƙaƙe. Sai aka ce mini in je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, babu abin da ba a kasawa a can.

Alhamis ɗin da ta rage kwana kaɗan a ɗaura auren na tafi. Na ratsa 'yan hatsi, na ratsa 'yan tufafi, na yi ta tambaya har aka nuna mini layin 'yan gwangwan. A can ƙarshen layin, gaban wani mutum mai rawani da ya kasa tsofaffin ƙarafa a kan buhu, na hango shi. Wani irin awartaki ne babba, tsawonsa ya kai damtsena, fari fat yana ƙyalli, hannayensa dogaye, bakinsa mai faɗi ba kaifi. Na ɗaga shi na ji nauyi. Na buɗe, na rufe, ya ce ƙas, ya kulle kansa. Na ce a raina, wannan ai don bututun bindiga aka ƙera shi, daga ƙasar Turawa.

Mai kayan ya ce, "Ka san aikinai?"

Na ce, "Haba Malam, da ban sani ba zan ɗauka?"

"Ka taɓa yi?"

"Wannan ne na farko da zan yi a gaban mutane."

Ya gyaɗa kai. "To ka nemi masu riƙewa. Aikin ga ba a yin shi mutum guda."

"Ni kaɗai na isa."

Ya ɗan ja baya ya ƙare mini kallo. Ni kuwa ramamme ne a lokacin, iska mai ƙarfi na iya tafiya da ni. Ya ce, "Wa za ka fara yi ma?"

Na ce, "Surukina, a Zurmi."

Mutumin ya sake duban awartakin, ya dube ni. Can ya ce, "Allah shi sa a gama lafiya." Na ce amin da ƙarfi, na biya ko tayi ban yi ba.

Awartakin ya ƙi shiga jakata, don haka a kan cinya na riƙe shi cikin mota. Na ji daɗin hakan, don ina so a gani. Aka kuwa gani. Wasu Fulani biyu da ke gefena suka yi ta duban sa suna magana da Fillanci, sannan babban ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni malam, ya ce yaushe zan zagayo wajensu, suna da guda uku da ke jiran aiki. Na ce a raina, ikon Allah, tun ban fara ba har an fara layi. Na ce masa in na gama da na Zurmi zan duba lokaci. Da suka sauka a Moriki har addu'a ya yi mini.

Ranar ɗaurin aure na yi sammako na shiga Zurmi da sabuwar shadda, jaka a kafaɗa, awartaki naɗe cikin farin ƙyalle. Da na so, da na shiga zaure tun da safe na duba bindigar ni da Baba kaɗai. Amma ni ba haka na tsara ba. Na jira sai da aka yi shimfiɗa a ƙofar gida, dattawa suka cika tabarmi, abokan ango suka jeru, baƙi daga ƙauyuka suka jingine sandunansu. Mata na cikin gida, amma katangar gajeriya ce, kuma na san Hajara ta san na iso.

Liman bai ƙaraso ba tukuna, ana ta hira ana rabon goro. Na matsa gaban Baba Nomau na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗan Kaura, ka iso? Ina kayan aikin?"

Abin da nake jira ke nan. Na shimfiɗa jakata a kan tabarma na fara fiddo su ɗaya bayan ɗaya, ina bayani da murya mai ɗan ƙarfi don na nesa su ji. Ga ƙusar da na baje, ga sandar lema, ga magagari, ga mai. Mutane suka ɗan matso. Na bar babban a ƙarshe. Na warware farin ƙyallen a hankali, na ɗaga awartakin da hannu biyu rana ta haska shi, na buɗe, na rufe, ya ce ƙas.

Hirar wajen ta tsaya cak. Na ɗauka mamaki ne.

Na ce, "Baba, wannan shi ne uban tafiyar. Takanas na je Shinkafi na sayo shi saboda kai. Abin nan naka da ka ce ya saki yana rawa, yau in na damƙe shi da wannan sau ɗaya, ba zai ƙara motsi ba har abada."

Baba Nomau ya dubi awartakin, ya dube ni. Ya gyara zama, ya ja babbar rigarsa ya rufe gwiwoyinsa. Ya ce a hankali, "Ni za ka yi ma aiki da wanga?"

"Kai fa, Baba. Yanzu-yanzu, a nan gaban kowa. Ba ya ɗaukar lokaci."

Sai wani tsoho daga can gefe ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ango, tashi ka shige gida."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Dattawa masu furfura suka kife a kan tabarma. Wani goro ya sarƙe shi ana ta bubbuga masa baya. Abokan ango suka kama Sanusi suna yi kamar za su ɓoye shi. Daga bayan katanga na ji dariyar mata ta tashi, alamar labari ya riga ya tsallaka. Ni kuma ina durƙushe da awartaki a sama, ina murmushi, ina jiran wani ya gaya mini abin da ya faru.

Wanda ya gaya mini shi ne Malam Lawali, malamin dabbobi na yankin, wanda ya zo ɗaurin auren a kan babur ɗinsa. Ya taso yana share hawaye da hularsa, ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Samari, ka san mene ne wannan?"

Na ce, "Awartakin bindiga."

"Na dandaƙar bijimai ne. In ana so sa ya yi sanyi ya ja garma, da shi ake damƙe masa gaba. Duk wanda ke zaune a nan ya taɓa riƙe ƙafar sa ana yi."

Maganar mai gwangwan ta dawo mini, da ta Bafulatanin mota mai guda uku, sannan maganar da na gama faɗa wa mahaifin yarinyar da nake nema, kalma bayan kalma. Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Malam Lawali ya karɓi awartakin yana juya shi, sai dariyarsa ta ɗauke. Ya kai shi kusa da ido, ya goge hannun da yatsa.

Ya ce, "Tsaya. Wannan ai nawa ne. Ga tambarin gwamnati nan. Tun kafin azumi nake neman sa."

Ku tuna shekarar da muke ciki. A lokacin babu majalisar da za ka zauna ba a yi zancen hukuncin ɓarawo ba, ko yara sun san abin da ake cewa zai sami hannun wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba. Wani daga baya ya ce, "Kayan gwamnati kuwa." Ban san lokacin da na cusa hannayena biyu cikin hammata ba. Na fara rantsuwa, ina bayanin layin 'yan gwangwan da mai rawani da buhun da ya kasa kaya. Har na ce a je a tambayi Fulanin da suka sauka a Moriki, alhali ko sunansu ban sani ba.

Baba Nomau ne ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam Lawali, dubi yaron ga da kyau. Wanda bai san mi abu ke yi ba, shi zai sace shi? Ɓarawo ko ba shi da kunya ba ya kawo kayan sata gaban mai su, ya ɗaga sama."

Malam Lawali ya yi murmushi ya ce shi ma bai ce sata aka yi ba. Daga akwatin babur ɗinsa awartakin ya faɗi wata ranar kasuwa tsakanin Moriki da Shinkafi, kuma ya sha faɗa a wajen aiki saboda shi. Ya ce in gaskiya za a bi ma godiya ya kamata ya yi mini. Ya naɗe awartakin cikin farin ƙyallena, ya kai shi babur ya ɗaure. Sai a lokacin na fito da hannayena.

Liman ya iso ya tarar da mutane suna ta sharar ido, ya tambayi ko lafiya. Aka ce lafiya lau, sai an gama a ba shi labari. Aka ɗaura aure. Na so in sulale lokacin shafa fatiha, amma Baba ya riƙe mini gefen riga ya ce in zauna, ba a tashi ba a ci tuwo ba. Na zauna a tsakiyarsu na ci, duk wanda muka haɗa ido sai ya kau da kai kafaɗunsa na girgiza.

Ba a buga bindiga ba ranar. Da wani ya tuna wa Baba, sai ya ce a bar ta ta huta, abin da yake so dai gari ya san ya yi wa ɗansa aure, kuma yanzu ba Zurmi kaɗai ba, har ƙauyuka za a sani. Gaskiya ya faɗa. Kafin in koma Kaura labarin ya riga ni isa. Washegari ina buɗe shago mai shayin tasha ya ɗago hannu ya ce, "Likita, an tashi lafiya?" Sunan da ya bi ni ke nan shekara da shekaru.

Na ƙaurace wa gidan gwaggon Hajara na wani lokaci, na tabbata maganarmu ta mutu. Ita ce ta aiko a kira ni. Na je na tsaya a zaure kaina a ƙasa. Ta fito ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ta tambayi kasuwa, ta tambayi Inna. Har na fara sakin jiki. Sai ta ce, "Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce a gaya maka ya ji sauƙi, ba sai ka dawo ba." Ta rufe fuska da mayafi, dariyar da take riƙewa ta ƙwace. Ban san lokacin da ni ma na fashe ba, kuma ranar ce na fara iya yi wa abin dariya.

Da manyana suka je neman aure, Baba Nomau ya karɓe su da mutunci. Ya ce ya ba ni, don ya ga yaro ne mai son ya yi wa mutane abin kirki ko da bai iya ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa duk ranar da zan zo gaisuwa in zo hannu sake.

Ban sake cewa ina gyaran komai ba tun daga nan. Abin da na koya kuwa ba mai zurfi ba ne, amma ya yi mini amfani: in mai kaya ya tambaye ka ko ka san aikin abin da ka ɗauka, ba zagi ba ne, ƙofa ce ya buɗe maka, ka ce a'a ka huta. Yanzu ko ludayi zan saya sai na tambayi me ake yi da shi. Kwanan baya a kasuwar Kaura na ɗauki wani ɗan ƙarfe mai ramuka na tambayi yarinyar da ke sayarwa, ta dube ni da tausayi ta ce, "Baba, na goga kuɓewa ne." Na ce na gode, na sani, tabbatarwa kawai nake yi.